A Sa Wa Boka Takunkumi

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Akan kewaye tebur, wannan ya zama mayaƙi, wancan matsafi, ana jefa 'ya'yan ludo. Sun ari dabarar marubuci Jack Vance: da zarar matsafi ya saki tsafi, sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa. Duk da haka, in wasa ya yi nisa, matsafi kan danne mai takobi. Don haka 'yan wasa ke kafa dokokin zaurensu, su rage masa ƙarfi.

Masu cewa wannan cin amanar littafin dokoki ne sun kauce hanya. Ko 'yan karta a majalisun Keffi sai sun daddale sharuɗɗa kafin a raba.

To, ɗalibanmu marubuta, da ku muke. Mun gaji da labaran da boka zai yi tofi sau ɗaya, komai ya warware. Tun kaka da kakanni, kowane asiri da makarinsa. In babu abin da zai karya layar jarumi, me zai hana mai karatu gyangyaɗi?