Taimakon da Ke Zama Bayan Motar Furoje Ta Tafi

'Yan uwa manoma da makiyaya na Falanko da sauran ƙasar Damargu, mun san halin da ake shiga da rani. Da an gama girbi, maza da yawa suna tafiya cin rani Kano, ko Agadas, ko Libiya. Mata ne ake bari da yara da tsofaffi da dabbobi. Su ne ke zuwa rijiya, su ne ke daka, su ne ke kai yaro asibiti da dare. Saboda haka duk taimakon ƙasashen waje da bai shiga hannun mata ba, bai shiga gida ba.

Amma wane irin taimako? Mun ga furoje iri-iri. Wasu sun kawo buhunan hatsi, aka ci, aka gode, ya ƙare. Wasu sun kawo injin niƙa, ya lalace, aka rasa mai gyara. Ra'ayinmu shi ne: a auna furoje da abin da ya bari bayan motarsa ta tafi.

Ga misali. A shekarar 1991, ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba ta raba wa mata kuɗi ba, hanya ta koya masu. Mata kamar 30 suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da suka amince a cikin akwatin ƙarfe. Akwatin yana da kwado 3, makullan suna hannun mata 3 dabam-dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ci bashi, ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli ko ta kiwata rago, ta biya. In lokaci ya cika, a raba.

Mu yi lissafi tare. Mata 30, kowace dala 20 a mako, ya zama jika 3. A mako 52, jika 156 ke nan. Da yayyafi kogi kan cika. Da wannan kuɗi mace za ta sayi hatsi da kaka yana da araha, ta ajiye don lokacin shuka. In naƙuda ta tsananta, za ta biya motar zuwa asibitin Tanut ba tare da an sayar da akuyar gida ba. Wannan dubara da aka fara a Nijar ta bazu a ƙasashen Afirka da yawa, har da Asiya.

Me ya sa muke wannan magana yanzu? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da wasu taimakonsu ga Nijar. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta taimako, USAID. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, wata rana zai kwana da yunwa. Akwatin mata kuwa ba wanda zai rufe shi daga wata ƙasa, domin kuɗinsu ne.

Wasu maza suna cewa in mace ta samu kuɗi za ta raina mijinta. Muna tambaya: abin da ta samu, ina yake zuwa? Cikin tukunyar gida yake shiga, da maganin yara, da littafin lakkol. Maza ma suna da nasu rabon aikin. A 2008, hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe makarantun mazaje a Magarya da Matamai, nan jiharmu ta Damagaram. A can magidanta suka riƙa zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, suna jawo hankalin 'yan uwansu. Ba wanda girmansa ya ragu.

Don haka, in wani furoje ya zo garinmu, mu nemi abu 3.

Na farko, a zauna da mata a ji ta bakinsu kafin a yanke shawara.

Na biyu, a koya masu karatu da lissafi, don su riƙe littafin akwatinsu da kansu.

Na uku, abin da aka ba mata ya zama nasu a rubuce. Dokar karkara ta 1993 ta ba mace da namiji dama ɗaya ta samun ƙasa, addini kuma ya ba 'ya mace gadonta. In an ba ƙungiyar mata fili don lambu, a je wurin kwamitin filaye a yi takarda, kada mai fili ya karɓe shi ranar da aka gama rijiya.

Iyayenmu mata, kada ku jira baƙo. Ku haɗu, ku zaɓi masu riƙon makulli, ku fara ko da dala 5. Mu kuma maza, mu bar su su je taro da ajin yaƙi da jahilci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.