Injin jirgin sama a cikin mota: shin zai kori fistin?

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, duk wata dabara da aka ce tana rage shan mai sai direbobinmu su kasa kunne, daga Agege har Sabon Ibadan. Ɗaya daga cikinsu ita ce motar da ake sa wa ƙaramin injin tabain, irin na jirgin sama, yana juya janareta yana caja batir, batirin kuma ya ja tayoyi. Ni dai a ganina, kada kowa ya jingine lissafinsa yana jiran wannan mota. Ga dalilina.

Abin yana da daɗin ji, gaskiya ne. Tabain ba shi da fistin, ba ringi, ba bawul. Sanda ɗaya ce mai fukafukai take juyawa, iska mai zafi na tura ta. Ba ya jijjiga, ba shi da nauyi, kuma ba ya zaɓen mai, kananzir ko dizal duk ɗaya ne a wurinsa.

Amma fa ba sabon abu ba ne. Kamfanin Rover na Ingila ya nuna motarsa mai tabain tun 1950. Chrysler a Amurka ya ƙera 55 tsakanin 1963 da 1964, ya ba jama'a 50 su gwada, daga baya ya karɓe su ya lalata yawancinsu. Matsalar ita ce tabain mashayin mai ne idan mota tana tsaye ko tana rarrafe. To ka kwatanta wannan da gosulon Apapa!

Masu haɗa shi da batir suna cewa sun magance wannan: injin zai tashi ya yi aiki da cikakken ƙarfinsa, batir ya cika, ya mutu. Haka ne. Sai dai akwai abin da batir ba ya gyarawa. Ƙaramin tabain bai cika mayar da kashi 30 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki ba, alhali injin dizal na tirela yana haura kashi 40. Injin fetur na Toyota Prius ma ya kai 40. Wato dabarar batir da ta taimaki tabain, ita ce dai ta ƙara wa fistin ƙarfi. Jaguar ta nuna C-X75 mai tabain biyu a 2010, amma da aka zo batun ƙera ta sayarwa sai ta koma wa fistin, a 2012 kuma ta soke shirin gaba ɗaya.

Tabain gwani ne idan ya yi girma kuma yana aiki ba tsayawa. Shi ya sa yake a tashoshin lantarki irin su Afam da Geregu.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ta fi damuna. Injin da ke juyawa sau dubun-dubata a minti ɗaya, da fukafukan ƙarfe na musamman mai jure wuta, ba a kwance shi a gindin bishiya. Ga ƙurar hunturu da zai riƙa zuƙa. Mai ɗauko tumatir daga Kano zuwa Mile 12, idan mota ta tsaya masa a Jebba, kaya ne ke ruɓewa. Injin fistin kuwa, kowane gari akwai bakanike, Ladipo kuma cike take da kayansa.

Shawarata ga mai kuɗi a hannu: ya duba mayar da motarsa ta iskar gas ta CNG, wadda wannan fistin ɗin dai yake ƙonawa. Amma kafin ya biya, ya tabbatar akwai gidan da ake zuba gas a hanyar da yake bi, kuma ya je wurin da aka ba lasisi, don tulun gas na jabu bam ne.