"Ai Ɗan Nijar Ne Fa!"

A wannan watan ina so mu taɓa wata magana da ke yawan fita daga bakinmu ba tare da mun auna nauyinta ba. Yaro ne zai fito neman 'yarki, mai sallah, mai sana'a, unguwa kowa na yabon halinsa. Sai wata gwaggo ta matso kusa da ke ta rage murya ta ce, "Ai ɗan Nijar ne fa!" Shi ke nan an gama bincike, magana ta mutu. Ba a tambayi wa ya haife shi ba, ba a tambayi yadda yake riƙe mahaifiyarsa ba. Sunan ƙasa kawai aka ji, aka naɗe tabarma.

To uwargida, bari mu tambayi kanmu, wace ce Nijar ɗin nan? Iyakar da ke tsakaninmu da su, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a Paris da Landan tsakanin 1898 da 1906, kuma babu kakan ɗayanmu da aka yi shawara da shi. Layin ya ratsa ƙasar Gobir da ta Katsina da ta Daura, ya bar wa a nan, ƙane a can. Maraɗi, sarakunan Katsina ne suka kafa mulkinsu a cikinta bayan jihadi ya ci birninsu a 1807, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Kai, shi kansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, kuma Maratta yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Da gwaggon nan tana raye a lokacin, ko me za ta raɗa wa iyayen matan Shehu?

Kowa ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, da aka rufe iyaka na tsawon watanni. Mutanen Jibiya da Illela da Maigatari sun ji a jikinsu: kasuwanni sun yi sanyi, zuwa suna ko gaisuwar mutuwa a gidan ɗan'uwa na jini ya koma sai an bi ta ɓarauniyar hanya. Rigimar ta shugabanni ce, amma tukunyar talaka ce ta fara hucewa a ɓangarorin biyu.

Ki dubi jakar nan mai zane-zane da muke zuba kayan biki a ciki, wadda muke kira Gana-mas-go. Mun saba da sunan har mun manta cewa kora yake nufi. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu 'yan makonni su bar Najeriya, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka tattara abin da za su iya ɗauka a irin wannan jaka suka kama hanya. Kafin nan kuwa, a ƙarshen 1969, gwamnatin Busia a Gana ta yi wa namu irin wannan. Hausawa da Yarbawa da suka daɗe a zangon Kumasi da Ankara, wasunsu can aka yanke musu cibiya, aka ba su mako biyu su fice. Mata nawa ne suka bar gidajen da suka gina da kuɗin tuwo da na goro? Duka korar biyu hujjarsu ɗaya: baƙi ne suka ɓata mana ƙasa. Kuma babu wadda ta gyaru saboda korar.

Wannan takobi ba ya zaɓen wuya. A 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallaka da shi Chadi da sunan wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. Idan an yi wa zaɓaɓɓen ɗan majalisa haka, ina ga mai ga-ruwan unguwarku?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu ne muka fi kowa sanin zafin abin. Duk wadda ta taɓa fita waje da koren fasfo ta san irin kallon da ake mata a filin jirgi. Wadda ta je Makka ta san yadda ake furta "Takari", da irin yatsinar da ke biyo baya. Muna dawowa gida mu yi ta ƙorafi an mana kuɗin goro saboda laifin wasu tsiraru. Washegari kuma cokali ya ɓata a ɗakin girki, mu fara kallon yarinyar da ke mana aiki saboda daga ƙetaren iyaka aka kawo ta. 'Ya'yanmu suna zaune suna ji. Shi ya sa za ki ji ɗan shekara shida yana zagin abokin wasansa da sunan ƙasa, alhali bai san ko gabas take ko yamma ba.

Mu da muke karanta Bukhari muna kafa hujja da shi, mun san mutumin Bukhara ne, a ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Salmanul Farisi, wanda ya kawo shawarar haƙa ganuwa a yaƙin Khandak, daga Farisa ya zo.

Kada wata ta ce na hana bincike. A'a, auren ƙetare yana da nasa ɗawainiya, kuma wajibin iyaye ne su zauna su tattauna ta tun kafin a karɓi gaisuwa. A ina za a ajiye yarinyar? Idan can ne, sau nawa za ta riƙa zuwa ganin gida? 'Ya'ya wace takarda za a yi musu, kuma da wane harshe za su yi boko, tunda tsarin karatun can ya bambanta da namu? Idan aka samu saɓani, wane babba ne za a kai wa ƙara, kuma a ina yake zaune? A tashi mutum biyu masu hankali su je garinsu, su kwana, su tambayi liman da mai unguwa da abokan cinikinsa, kamar dai yadda za a yi da a ce daga Gusau ko Azare ya fito. Kuɗin motar Katsina zuwa Maraɗi bai kai na atamfa ɗaya a cikin lefe ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.