Tarar Barin Kamfanin Intanet Zalunci Ce, Ko Da An Sa Hannu

Duk wanda ya koka a Abuja cewa kamfanin intanet ya riƙe masa kuɗi don ya bar shi kafin wa'adi, amsa ɗaya ake ba shi: "Ai kai ka sa hannu, alƙawari kaya ne." Ma'aikatan kamfani na faɗar haka ban yi mamaki ba. Abin da ke ci mini rai shi ne masu sayen ma sun haddace, suna maimaita wa junansu. Ni ban yarda da wannan magana ba.

Ofis a Wuse ko Garki da ya ƙulla yarjejeniyar shekara, idan ya ce ya gaji, sai a nuna masa sharaɗin biyan ragowar watanni. Magidanci a Kubwa ko Lugbe kuwa ba a rubuta masa tara a takarda, an dai ɓoye ta ne. Ya sayi na'urar da ba ta karɓar layin kowa sai na kamfanin, ya biya kuɗin watanni a dunƙule, ranar da ya tafi kuma ba a mayar masa da ko sisi. Data ɗin da bai taɓa ba ta ƙone. Wannan ma tara ce.

Alƙawarin nan mutum biyu suka ɗauka. Mai saye ya ce zai biya, kamfani ya ce zai kawo intanet mai ƙarfi kaza. Wa ke fara saɓawa? Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. A ce wannan ƙaddara ce, na yarda. To sabis ɗin da ke rarrafe kullum da magariba fa, don an sayar wa unguwa fiye da abin da turken sadarwar zai ɗauka? Tamkar tela ne ya kasa gama ɗinkin Sallah, ka zo karɓar yadinka, ya ce sai ka biya shi ladan fasawa.

Farashin ma ba ya zama inda aka yi ciniki. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Kafin nan, a Oktoban 2024, Starlink ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar ta ce ba da izininta ba, sannan ya dakata. Wato kamfani na iya sauya sharaɗi a tsakiyar tafiya, mai saye ne kaɗai aka ɗaure.

Kamfanonin suna da hujja guda mai ƙwari: sukan rage kuɗin na'ura, sukan kashe kuɗi wajen kafa ta. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne su karɓa. Amma wannan kuɗi ne da ake iya lissafawa, kuma raguwa yake yi duk wata. Haka Kanada ta yi tun 2013: tarar fasa yarjejeniyar wayar hannu ba ta wuce ragowar rangwamen na'ura, bayan shekara biyu kuma babu ita sam. A Birtaniya, tun 2019, manyan kamfanonin da suka shiga tsarin hukumar Ofcom suna barin mai intanet na gida ya tafi ba tara idan ƙarfin sabis ya gaza mafi ƙarancin da aka yi masa alƙawari, aka kuma kasa gyarawa cikin kwana 30.

Ba sai mun je nesa ba ma. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san fiƙihun Malikiyya bai yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don an fasa ciniki ba, ya kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan aibi ya bayyana. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu. Sa hannu ba ya halatta su.

NCC tana da haƙora idan ta so cizo. A 2015 ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin a sasanta a kan biliyan 330. Hedikwatarta tana nan Maitama, ma'aikatanta suna fama da sabis ɗin da muke fama da shi. Layin koke na 622 bai wadatar ba, domin koken mutum ɗaya yake ji, sharaɗin kuwa a kan dubbai aka ɗora shi. Ya kamata hukumar ta fitar da ƙa'ida a rubuce: tara kada ta wuce ragowar kuɗin na'ura da na kafawa, a buɗe na'urar da zarar an gama biya, a mayar da kuɗin watannin da ba a shiga ba, kuma duk ranar da kamfani ya ƙara farashi ko sabis ɗinsa ya gaza, mai saye ya tafi ba tare da biyan ko kwabo ba.