MOTAR ƘUNGIYA: A DUBA BIRKI KAFIN A DUBA FENTI

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama sun tara kuɗin amfanin gona sun sayi ƙaramar bas ta hannu, irin wadda ake kira Baljiyam. Wasu kuma suna kan tarawa. Abu ne mai kyau, gama mota tana kai tumatir kasuwa kafin ya ruɓe, tana kai mai naƙuda asibiti da dare. Amma mun lura sa'ad da kwamiti ya je saye, fenti da kujeru da rediyo ake dubawa. Ra'ayinmu shi ne, kuɗin birki ya kamata a fara warewa, sa'an nan kada a miƙa wa kowa makulli sai ya koyi giyar motar.

Abin da muka saya

Bari mu ɗauki Toyota Sienna, gama ita ta fi yawa a tashoshinmu. An fara sayar da ita a Amurka a 1997, don iyali su je aiki da makaranta a kan kwalta mai santsi. Giyarta otomatik ce, watau mai canza kanta, babu kuloci. A arewacin Amurka da Kanada ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin ƙananan bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa ƙafafu. Mota tana iya yin ƙyalli a sama, bututun nan kuwa sun yi tsatsa a ƙasa. Saboda haka kada a biya kuɗi sai makanikin da ƙungiya ta kawo da kanta ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya kuma kwance ƙafafu huɗun ya duba.

A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. A galibin irin waɗannan motoci bai kai kilo 700 ba, har da mutane. Buhun masara guda kilo 100 ne. Ke nan buhu shida da direba sun cika ta. In aka ƙara fasinja biyar a kai, birkin da aka yi don iyali guda yana aikin a-kori-kura.

Birki yana magana kafin ya mutu

Da wuya birki ya tsinke ba tare da ya yi kashedi ba. Ga alamun da kowane ɗan kwamiti ya kamata ya sani, ko da bai iya tuƙi ba.

In an taka birki ya yi laushi kamar soso, iska ta shiga cikin mai, ko kuwa man ya tsufa. In an taka an riƙe, ƙafa tana nutsewa a hankali har ƙasa, akwai yoyo a wani wuri, ko kuwa robobin babban famfon birki, wanda makanikai ke kira masta, sun gaji. Wannan mota kada ta fita daga gida.

In ana jin tsiwa kamar ta ɓera, fatar birki ta kusa ƙarewa. Sabuwar fata kaurinta wajen milimita 10 ne. In ta koma milimita 3, a canza. In tsiwar ta zama gurzar ƙarfe da ƙarfe, fatar ta ƙare ke nan, faifan ake ci, shi kuwa ya fi fata tsada nesa.

In mota tana fizgewa gefe guda sa'ad da aka taka, ƙafa guda ta fi kamawa. Bayan tafiya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ya maƙale.

In jar fitilar birki ta kama, a duba ko an manta birkin ajiyewa a kame. In ba shi ba ne, mai ya yi ƙasa. Kada a ƙara mai kawai a wuce. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, ko dai fata ta cinye ko akwai yoyo. Fitilar ABS kuwa ruwan ɗorawa ce. In ta kama, birki na nan, amma na'urar da ke hana taya ja a kan santsi ta daina aiki. Kada a yarda wani ya cire ƙwan fitilar ya ce ya gyara.

Man birki yana shan laima daga iska. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa, ƙafa za ta tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ya kamata a juye shi duka kowace shekara biyu. Babu wanda ya san ranar da aka canza na motar da muka saya, don haka a canza shi tun ranar farko, da irin wanda aka rubuta a kan murfin, daga gwangwanin da ba a buɗe ba.

Laifin giya ne ko na hannu?

Muna jin wasu suna cewa otomatik ba ta yi da ƙasar duwatsu, har suna ba da shawara a cire ta a sa giyar hannu. Ba mu yarda ba. Wannan aiki yana cin kuɗi da yawa, yana kuma dagula wayoyin motar. Gaskiyar ita ce, direbobinmu sun koyi tuƙi da giyar hannu, babu wanda ya zauna ya nuna masu wannan.

Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ko gangaren Mambila, ya san tsohon direba yana sa giya ta biyu, inji ya riƙe mota. Otomatik ma tana da wannan. Ƙasa da D akwai 2 da L, a wasu har da 3 ko 4. In an bar mota a D a kan dogon gangare, sai ta hau babbar giya ta yi ta gudu, direba ya kwanta a kan birki har fata ta yi zafi ta daina kamawa. Dabarar ita ce a rage gudu tun a saman tudu, a sa 2, in gangaren ya yi tsanani a sa L. A taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki ya huce.

Kada a sa N a gangare don tsimin fetur, kada kuma a kashe inji. Ƙarfin da ke taimakon ƙafar direba daga inji yake zuwa. In inji ya mutu, bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi.

Ƙafar dama kaɗai ke aiki, ita ce ta totur, ita ce ta birki. Ta hagu ta huta. Wanda ya ɗora ƙafar hagu a kan birki yana tafiya, yana ƙona fata bai sani ba. A tsaya cak kafin a juya daga D zuwa R. In za a ajiye mota a kan tudu, a fara kama birkin ajiyewa, wanda a yawancin Sienna da ƙafa ake taka shi, sa'an nan a sa P, gama ɗan ƙaramin haƙori ne na ƙarfe ke riƙe mota a P. Otomatik ba ta tashi da turi. In ta lalace a hanya, kada a ja ta nesa da igiya, gama famfon man giya ba ya aiki sai inji na juyawa. Man giya mai lafiya ja ne. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, a kai ta gareji, a kuma zuba irin wanda littafin motar ya ce kaɗai.

Abin da muke roƙon kwamiti

Mun san amsar da ma'aji yakan bayar: babu kuɗi, a bari sai an sayar da hatsi. Mun san kuɗin ƙungiya gumin talakawa ne. Amma lokacin kaka ne motar ta fi ɗaukar nauyi, ke nan lokacin ne ta fi bukatar birki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma fata mai araha marar suna tana iya yaudarar direba daidai inda ya fi dogara gare ta.

Don haka muna ba da shawara huɗu. A cire wani kaso daga kuɗin kowane lodi a ajiye don birki da taya, kada a taɓa shi don wani abu. A naɗa direba guda mai lasin, ba kowane mai sha'awa ba. A ajiye littafi a cikin mota, a rubuta ranar da aka canza mai da fata. Na huɗu, a ba direba iko ya ƙi tashi in birki bai gamshe shi ba ko kaya sun yi yawa, kada kowa ya tilasta shi, ko da shugaba ne.

Direba kuma ya tuna, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke bukata ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Waɗanda ke zaune a bayansa matanmu ne da 'ya'yanmu. A karanta wannan takarda a taron ƙungiya na gaba, direba yana nan zaune, sa'an nan a fita waje tare a buɗe bonet a duba man birki.