GONAR GADO BA TA BABBAN WA KAƊAI BA CE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasa, akwai wani zalunci da ya yi kaka-gida a tsakaninmu har mun daina ganinsa, wato danne gado. Daga Bena zuwa Wasagu, Ribah da Zuru labarin ɗaya ne. Uba zai rasu ya bar gona da gida da shanu, a yi zaman makoki a watse, sai babban wa ya riƙe komai da sunan "kada a raba kan gida". Shekara goma, ashirin, shi ke noma, shi ke kai hatsi kasuwar Bena, ƙanne mata kuwa sai ɗan abin da ya ga dama in an yi girbi. Wadda ta buɗe baki a ce mijinta ne ya zugo ta.

Alhali Allah (T) bai bar wannan rabo a hannun kowa ba. Da kansa ya yanka shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Bayan hidimar jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, saura na magada ne. Misali, mutum ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa ba su da rai, gonar kuma ta kai naira miliyan 8. Matar tana da sumuni, miliyan 1. Ragowar miliyan 7 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Wanda ya riƙe gonar nan shi kaɗai, miliyan 6 na haƙƙin wasu yake nomawa.

A Indiya, dokar gadon mabiya addinin Hindu ta 1956 ba ta ba 'ya mace matsayin ɗa namiji a dukiyar kaka da kakanni ba, sai da aka gyara ta a 2005, kuma sai a 2020 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar haƙƙin yana nan ko da uban ya rasu kafin gyaran. A nan Nijeriya, a 2014 ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon ubanta. Mu da aka yanka wa mace rabonta fiye da shekara 1,400 da suka wuce, da wane baki za mu kare kanmu?

Wasu za su ce in an yanyanka gonar ba za ta ciyar da kowa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma shari'a ta ba da mafita. Akwai taharuji, inda magaji zai karɓi kuɗi ko wata kadara ya bar wa 'yan'uwansa kasonsa. Akwai shufa'a, wadda a mazhabar Malikiyya ta ba abokin tarayya damar fansar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, matuƙar ba a riga an raba ba. Akwai kuma kyauta, amma sai mai bayarwa ya san abin da ya mallaka, ya bayar da yardar ransa. Ƙanwar da aka titsiye gaban dattawa ta ce "na yafe" don kunya, ba ta ma san yawan kasonta ba, ba kyauta ta yi ba, ƙwace aka yi mata.

Jinkiri kuma yana da haɗari. Hare-haren 'yan bindiga a Danko/Wasagu sun raba mutane da yawa da ƙauyukansu, dattawan da suka san iyakokin gonaki suna ta ƙarewa. Abin da ba a rubuta yau ba, gobe jikoki ne za su yi ta shari'a a kansa.

Don haka muna kira gare ka, ya ɗan'uwa. In akwai gadon da ba a raba ba a gidanku, ka tayar da maganar cikin ladabi, ko da kai ne ƙarami. A nemo malamin da ya san fara'id, ko a je kotun shari'a. A ƙiyasta kadara da farashin yau, a faɗa wa kowa kasonsa, sannan mai sayarwa ya sayar, mai kyauta ya yi. A rubuta, shaidu su sa hannu, mai unguwa da hakimi su sani, kowa ya riƙe takardarsa. Kason maraya a adana masa har ya yi hankali.

Muna yawan la'antar azzalumai a kan mumbari da kan titi, kuma daidai ne. To amma wanda ke cin tuwon gonar ƙanwarsa ba da yardarta ba, ya fara da gyara gidansu. Manzon Allah (S) ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani.

Allah ya raba mu da haƙƙin bayinsa. Wassalam.