Haɗa ɗan kan jirgin ƙasa ba ɓata lokaci ba ne

Dogon hutun makaranta na tafe, kuma kowane uba ya san yadda yake ƙarewa: yaro ya wuni da waya a hannu, ko ya bi abokai ba a san inda ya nufa ba. Shawararmu ita ce a sayo wa yaranmu kayan haɗa ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, su haɗa shi, su yi masa fenti da hannunsu. Mun san wasu za su ce wannan wasan yara ne. Mu dai muna ganin makaranta ce.

Kayan suna zuwa a kwali, gutsi-gutsin roba kowanne da lambarsa, tare da takardar zane. Akwai na kamfanin Revell, mai siffar Big Boy, ƙaton kan jirgin da aka fara ƙerawa a Amurka a 1941. Na gasken ya kai mita 40, amma da aka rage shi sau 87 bai cika rabin mita ba. Ga lissafi nan yaro ya koya ba tare da allo ba.

Aikin ba ya son gaggawa. A yanke gutsure a hankali, a goge bakinsa da samfefa, a gwada shi a gurbinsa kafin a sa gam. Gam ɗin ma ɗigo kawai, domin in ya yi yawa sai ya ci robar. Kafin fenti a wanke da ruwan sabulu, a shafa fentin shimfiɗa, sannan a bi da baƙi siriri-siriri sau biyu ko uku. Da yake hutun a damina yake faɗowa, fenti kan daɗe bai bushe ba, sai a kifa kwali a kai a jira gobe. Daga ƙarshe a ɗan sa launin toka a bakin bututun hayaƙi, da ruwan ƙasa wajen ƙafafu, ya fito kamar jirgin da ya sha hanya.

Yaron da ya manna murhu da tukunyar ruwa da fistin da sandunan da ke juya ƙafafu ya gane yadda kwal ke tafasa ruwa, tururi ya tura fistin, jirgi ya motsa. Gani ya kori ji. Wanda ya iya bin zane har ya haɗa abu ya tashi daidai, gobe ba zai sha wuya a garejin kanikanci ko kwalejin fasaha ba.

Sannan tarihinmu ne. Layin dogo ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Irin wannan jirgi mai hayaƙi ne ya riƙa sauko da shanu Kudu yana hawa da goro Arewa, kuma wannan fatauci ne ya raya unguwanni irin Sabon Badun, wadda aka kafa a 1916. Kwal ɗin Inugu ne abincinsa. Yawancin 'ya'yanmu ba su san haka kakanninsu da dama suka zo nan ba.

Saura batun kuɗi. Gaskiya ne kayan daga waje suke zuwa, kuma canji ya yi tsada. To ba sai kowane gida ya saya ba. A haɗa hannu a sayi ɗaya ko biyu, yara su zauna rukuni-rukuni tare da babba mai kula da wuƙa da gam. In sun gane fasalin, sai su koma kwali da gwangwani da waya su ƙera nasu, kamar yadda muka ƙera motar kara muna yara.

Muna roƙon iyaye, musamman kanikawa da masu fenti da ke cikinmu, su zo taro na gaba da shawararsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.